Tabbacin Kamu ko Tsananin Hukunci: Wanne Ke Hana Laifi?

Duk lokacin da wani laifi ya addabi jama'a a Najeriya, an san abin da zai biyo baya. Majalisa ta zauna, a yi wa doka gyara, a ɗaga hukuncin laifin zuwa ɗaurin rai da rai ko kisa, gwamna ya sa hannu a gaban 'yan jarida. Gwamnatin Janar Gowon ta bi wannan hanya a 1970, bayan yaƙin basasa ya bar bindigogi barkatai a hannun mutane. Dokar soja mai lamba 47 ta ɗora kisa a kan fashi da makami, aka riƙa ɗaure 'yan fashi a bakin teku a Legas ana harbe su a gaban dubban 'yan kallo. An harbe ƙasurgumin ɗan fashi Ishola Oyenusi a 1971. Bayan shekara 16 aka harbe wani ƙasurgumin ɗan fashin, Lawrence Anini, a birnin Benin. Hukuncin yana nan har yau, fashin ma yana nan, ga kuma garkuwa da mutane ta shigo, jihohi irin su Katsina a 2019 da Zamfara a 2022 suka tare ta da hukuncin kisa.

A ganina wannan hanya ba ta kai mu inda muke so ba, kuma dalilin hakan tsoho ne. An baje shi a faifai tun ƙarni na 18 a Turai, a lokacin da ake kira Zamanin Wayewar Kai, sa'ad da masana suka fara ɗora dokokin da suka gada a kan ma'aunin hankali suna tambaya: wannan hukunci me yake hanawa, kuma me yake ci wa al'umma? Amsar da ta fi ƙarfi a cikin abin da suka bari ita ce mai niyyar laifi ya fi damuwa da ko za a kama shi a kan abin da za a yi masa in an kama shi. Tsananta hukunci ba ya cin gwamnati komai ban da takarda da tawada. Tabbatar da shi kuwa yana buƙatar ɗan sanda mai iya bincike, da mai shaida da ba ya tsoron zuwa kotu, da alƙalin da ke zama a kan lokaci, da motar da za ta kawo wanda ake tuhuma. Shi ya sa gwamnatoci ke garzayawa ga na farko.

Sai an san irin shari'ar da waɗannan masana suka tarar kafin a gane abin da suke faɗa da shi. A yawancin ƙasashen Turai, ban da Ingila, alƙali ba ya iya yanke hukuncin kisa sai da ɗayan abu biyu: shaidu biyu da suka ga laifin da idonsu, ko wanda ake tuhuma ya amsa da bakinsa. An kafa ƙa'idar ne don a kare marar laifi. To amma kisa da sata a ɓoye ake yin su, don haka nauyin duka ya koma kan amsa laifi, doka kuma da kanta ta buɗe ƙofar samo shi da azaba. Kundin da Sarki Charles na Biyar ya kafa wa ƙasashen Jamus a 1532 ya jera matakan. In akwai shaida ɗaya amintacce, ko alamu masu ƙarfi, an samu rabin hujja ke nan, wadda ba ta isa a yanke hukunci ba amma ta isa a azabtar. A fara da yi wa mutum barazana, in ya ƙi magana a zartar. A Italiya abin da aka fi yi shi ne a ɗaure hannuwa ta baya, a ja mutum sama da igiya har kafaɗunsa su goce. An hana alƙali sa masa amsa a baki. An ce a tambaye shi abin da mai laifin kaɗai zai sani, kamar inda ya ɓoye wuƙa, a je a duba. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sake kawo shi ya maimaita maganarsa ba tare da azaba ba. Kowace daga cikin waɗannan kariya ta rushe a aikace. Sau da yawa masu tsaro sun riga sun sanar da shi abin da ake so ya faɗa, ba kullum ake zuwa dubawa ba, wanda kuma ya janye maganarsa ya san za a mayar da shi kan igiya.

A watan Maris na 1762 kotun birnin Toulouse a Faransa ta sa aka kakkarya ƙasusuwan wani ɗan kasuwar yadi, Jean Calas, sannan aka shaƙe shi ya mutu, bisa zargin ya kashe ɗansa don kada ya koma ɗariƙar Katolika. Bai amsa laifin ba har ransa ya fita. Marubucin Faransa Voltaire ya shafe shekara uku yana rubuce-rubuce a kan shari'ar, a 1765 aka wanke mamacin. Ana cikin haka, a 1764, wani ƙaramin littafi mai suna "Game da Laifuka da Hukunce-hukunce" ya fito a Livorno ta Italiya ba tare da sunan marubuci ba. Mai shi Cesare Beccaria ne, ɗan manyan Milan, mai shekara 26. Bai taɓa zama alƙali ba. Abin da ya sani na cikin kurkuku ya samo shi ne musamman daga abokinsa Alessandro Verri, wanda aikinsa shi ne ziyartar fursunoni da kare haƙƙinsu. Cocin Katolika ta sa littafin cikin jerin haramtattu a 1766, a shekarar kuma Voltaire ya yi masa sharhi. Sarauniya Catherine ta Rasha ta kwashi sassa da yawa daga cikinsa ta zuba a umarnin da ta bai wa masu tsara doka a 1767. A ranar 30 ga Nuwamba 1786 mai mulkin yankin Tuskani a Italiya, Leopold, ya soke azabtarwa da hukuncin kisa baki ɗaya.

Hujjar Beccaria a kan azabtarwa har yau ba a rushe ta ba. Laifin ko dai ya tabbata ko bai tabbata ba. In ya tabbata, hukuncin da doka ta tanada ya isa, babu buƙatar amsa laifi. In bai tabbata ba, to marar laifi ake azabtarwa, don a idon doka wanda ba a tabbatar wa laifi ba marar laifi ne. Ya ƙara da cewa azaba tana auna ƙarfin jiki ne kawai: ƙaƙƙarfan mai laifi ya daure ya kuɓuta, rarraunan marar laifi ya amsa a kashe shi. Sai dai akwai wani gyara da masanin tarihin shari'a John Langbein ya kawo, wanda na ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Ya nuna cewa tun kafin masana su ɗaga murya, kotunan Turai sun riga sun fara barin azabtarwa, domin an samu hukunce-hukunce da ba su kai kisa ba, irin su aikin tuƙa jiragen ruwa da gidajen aikin dole, an kuma yarda alƙali ya yanke su bisa alamu masu ƙarfi ko da babu shaidu biyu. Da mai bincike ya samu wata hanyar tabbatar da laifi, sai igiya ta rasa aiki. Sarakuna suka zo daga baya suka soke ta a hukumance, Farusiya (ɗaya daga ƙasashen Jamus) daga 1740, Ostiriya a 1776, Faransa a 1780 da 1788. Najeriya tana da dokar hana azabtarwa tun 2017, mai ɗaurin da zai iya kai shekara 25, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samo da tursasawa. Duk da haka, muddin ɗan sanda ba shi da hanyar ɗaukar zanen yatsu, ko bin sawun kiran waya da kuɗin da aka tura ta banki, takardar amsa laifi ce za ta zama kaɗai abin da ke cikin fayil ɗinsa, kuma zai neme ta ta hanyar da ya sani. Lauya kuwa da ya tashi a kotu zai ce duka aka yi, a tsayar da babbar shari'a a buɗe ƙarama don a binciki yadda aka samo iƙirarin, watanni su tafi.

Zuciyar littafin Beccaria tana cikin abu uku: hukunci ya zama tabbatacce, ya zo da sauri, ya yi daidai da girman laifi. Beccaria ya ce tabbacin hukunci, ko da sassauƙa ne, ya fi shiga zuciya a kan tsoron wani mafi muni wanda ke tare da fatan kuɓuta. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Muna faɗar haka don mu kwantar wa mai kaya da hankali, amma ɓarawo shi ma ya ji karin maganar, kuma lissafin dubu da ɗaya lissafi ne da zai karɓa da hannu biyu. Aikin hukuma shi ne ta rage dubun nan. Game da sauri kuwa, dalilinsa shi ne tunanin mutum yana haɗa abu biyu ne in sun zo kusa da juna. In an yanke wa mai fashi hukunci bayan shekara tara, mutanen unguwar sun manta wanda aka yi wa fashin, sai su ga wani bawan Allah da hukuma ta riƙe, tausayi ya koma kansa.

Ingila ce ta gwada ɗaya hanyar har ƙarshenta. A farkon ƙarni na 19 laifukan da hukuncinsu rataya ce sun haura 200. Satar kayan sule 5 a kanti rataya ce. Satar kayan sule 40 a cikin gida rataya ce. Me ya faru? A can mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne ke yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, kuma su ne suka fara zame wa dokar. A kawo ɓarawon da ya ɗauki kayan fam da yawa, su rantse cewa kayan sule 39 ne, don kada a rataye shi. Masu kaya suka riƙa ƙin kai ƙara, shaidu suka riƙa noƙewa, alƙalai suka riƙa neman sarki ya yi afuwa a mayar da hukuncin kora zuwa Amurka, daga baya Ostareliya. Ƙarshenta ba wanda ya san abin da zai samu ɓarawo: ko a sake shi, ko a kore shi, ko a rataye shi don a tsorata wasu. A 1830 ɗaruruwan masu bankuna suka kai koke majalisa suna roƙon a cire kisa daga laifin buga takardun kuɗi na jabu. Su ne ake cuta, amma sun ga cewa tsananin hukuncin ne ke sa masu laifin kuɓuta. Ɗan majalisa Samuel Romilly ya samu an cire rataya daga yankan aljihu a 1808, ministan cikin gida Robert Peel ya rage wasu da dama, sannan a 1829 ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Ingila ta sauko da hukunci ta kuma ɗaga yiwuwar kamu a lokaci guda.

Maganar daidaito kuwa masanin Faransa Montesquieu ya riga Beccaria, tun 1748. Ya kawo misalin Rasha ta lokacinsa, inda hukuncin ɗan fashi da na mai kisa ɗaya ne, ya ce shi ya sa 'yan fashin can ke kashe wanda suka tare, don matacce ba ya ba da shaida. Ya kwatanta da Ingila, inda ɗan fashin da bai yi kisa ba yake da fatan a kore shi maimakon a rataye shi. Wannan batu ya shafi ran duk wanda ke hannun masu garkuwa a daren nan. In doka ta ce kisa ne hukuncin sace mutum, ko an sako shi da rai ko an kashe shi, to daga lokacin da aka shiga daji da shi babu sauran abin da doka za ta tsorata mai garkuwar da shi. Wanda aka sace ya ga fuskarsa, ya ji sunansa, shi ne babban shaida. Dokar Jihar Legas ta 2017 ta lura da wannan: ɗaurin rai da rai ga garkuwa, kisa in wanda aka sace ya mutu a hannunsu. Dole a bar wa mai laifi wani dalili na tsayawa a kowane mataki, ko da ya riga ya fara.

Akwai mai cewa in ba za mu iya kama da yawa ba, sai mu tsananta wa 'yan kaɗan da muka kama. Masanin Ingila Jeremy Bentham da kansa ya rubuta haka a littafinsa na 1789: gwargwadon yadda tabbacin hukunci ya ragu, gwargwadon yadda za a ƙara girmansa, don zafin ya rinjayi ribar laifi. A kan allo lissafin yana tafiya. A ce cikin 'yan fashi 100 biyu ake hukuntawa, sai a ninka hukuncin don ya cike giɓin. A zahiri yana karyewa ta wurare da yawa. Saurayin da ke shirin fashi bai san sashen doka ba, amma ya san abokansa nawa suka yi suka dawo lafiya. Shekara ta ashirin a kurkuku ba ta da nauyi a zuciyar mai shekara 19 kamar ta farko. Tsanani yana da rufi, don babu abin da ke sama da kisa. Mafi muni, tsanani da kansa yana cin tabbaci. A Najeriya da zarar laifi ya zama na kisa, ya fita daga hurumin majistare sai Babbar Kotu, beli ya yi wuya, dole a samar wa wanda ake tuhuma lauya, ko ya amsa laifinsa a gaban alƙali za a rubuta cewa bai amsa ba a ci gaba da kiran shaidu, sannan a ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Duk waɗannan matakai daidai ne, rai ake magana. Amma sakamakonsu shi ne mutum fiye da 3,000 na zaune suna jiran kisa, gwamnoni kuma ba kasafai suke sa hannu ba. Binciken zamani ya tsaya bayan Beccaria a nan. Masanin laifuka Daniel Nagin, da ya tattara nazarce-nazarcen fannin a 2013, ya ce abin da ya fi hana laifi shi ne yiwuwar a kama mutum. Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka kuma ta ce a 2012 nazarin da aka yi ba su isa a ce hukuncin kisa yana rage kisan kai ko ba ya ragewa ba.

Ba duk abin da mutanen wancan zamani suka kawo ne ya tsaya ba. Saboda tsoron son zuciyar alƙalai, Beccaria ya so a ɗaure hannun alƙali ɗungurungum: doka ta faɗi laifi da hukunci, shi nasa kawai ya duba ko an aikata. Faransa ta gwada haka a kundinta na 1791, kowane laifi da hukuncinsa guda, babu ragi babu ƙari, aka ma soke afuwa. Sai wanda ya saci abinci don yunwa da wanda ya mayar da sata sana'a suka zama ɗaya, masu yanke hukunci suka koma sakin mutane don gudun zalunci. Kundin 1810 ya dawo da mafi ƙaranci da mafi yawa, a 1832 aka buɗe ƙofar sassauci saboda yanayin da aka yi laifi a ciki. Duk mai son kafa hukuncin dole wanda alƙali ba zai iya taɓawa ba ya kamata ya san wannan tarihi. Abin da aka maye gurbin kisa da shi ma ba kullum ya fi shi sauƙi ba. Beccaria bauta ta har abada ya ba da shawara, yana ganin ta fi tsoratarwa. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya, wanda ya cire kisa daga shari'ar yau da kullum a 1787, ya riƙa tura fursunoni jan jiragen ruwa da igiya a gaɓar kogin Danube, fiye da rabinsu suka mutu cikin 'yan shekaru. A kurkukun Auburn na Amurka, a 1821, an kulle mutum kusan 80 kowa shi kaɗai a ɗaki babu aiki babu magana, wai don su yi nadama. Cikin shekara ɗaya mutum 5 suka mutu, wani ya haukace, aka dakatar da gwajin a 1823.

Babban raunin dai yana cikin tushe. In amfanin hukunci kawai shi ne tsorata wasu, to hukunta marar laifi ma zai yi aikin, in dai jama'a sun ɗauka shi ne ya yi. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya ga wannan rami. A 1797 ya rubuta cewa ana hukunta mutum ne saboda ya aikata laifi, kuma ba ya halatta a mayar da ɗan Adam kayan aikin cimma wata manufa, ko da manufar alherin jama'a ce. Ya tafi da nisa har ya ce in mutanen wani tsibiri za su watse, sai sun kashe mai kisan kai na ƙarshe da ke kurkukunsu kafin su tafi. Ba sai an bi shi har can ba kafin a karɓi iyakar da ya shata. Ni ina ganin kowannensu ya amsa tambaya dabam. Beccaria ya faɗi dalilin da ya sa al'umma ke kafa kotu da kurkuku, wato rage cuta. Kant ya faɗi wanda ya halatta a taɓa da iyakar abin da za a yi masa: mai laifi kaɗai, kuma kada a wuce abin da ya cancanta. In aka jefar da iyakar Kant, abin da ke fitowa shi ne kamen kan mai uwa da wabi bayan an kai hari, da holin waɗanda ake zargi a gaban kyamara kafin su ga alƙali, da tsare uwa ko ƙane don ɗa ya gudu. In kuma jama'a suka fid da rai cewa hukuma za ta hukunta kowa, sai su ɗauki doka a hannunsu, kamar yadda aka hallaka matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai.

Mai karatu Musulmi zai lura cewa yawancin wannan ba baƙo ba ne a wurinsa. Alƙur'ani ya ce ba a azabtarwa sai an aiko manzo, kuma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha, sun gindaya wa haddin sata sharuɗɗan nisabi da ma'ajiya, mafi yawansu sun ce iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne, Sayyidina Umar kuma ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Inda hanya ta rabu shi ne hukuncin kisa. Beccaria ya ce hukuma ba ta da haƙƙinsa, domin ba wanda ya miƙa mata ikon kashe shi lokacin da aka ƙulla zaman tare. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, don da ita za a iya cewa ba wanda ya miƙa ikon a ɗaure shi har abada. Kisasi yana nan, tare da ƙofar afuwa da diyya a hannun magada. Abin da nake cewa ya fi haka kusa: tsarin da bincikensa ya dogara da duka, fayil ke ɓata a cikinsa, talaka ba ya samun lauya sai ranar shari'a, bai cika sharuɗɗan da addini ko hankali suka gindaya kafin a ɗauki rai ba.

Waɗannan ra'ayoyi sun iso mana ta hanyar da za a iya bi da yatsa. Baturen Ingila Thomas Macaulay, wanda tunanin Bentham ya yi wa tasiri, ya tsara kundin laifuka na Indiya a 1837, aka zartar da shi a 1860. Sudan ta ɗauke shi a 1899. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka samu Final Kod (dokar laifuka) ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960. Kundin laifuka na Nijar na 1961 kuwa daga na Faransa ya samo asali. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a kama mutum da laifi sai rubutacciyar doka ta bayyana laifin da hukuncinsa, ba a hukunta shi da dokar da aka yi bayan ya aikata, kuma marar laifi ne har a tabbatar. Mun ga ranar da aka taka wannan ƙa'ida: a watan Afrilu na 1985 an harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984, alhali aƙalla ɗaya daga cikinsu ya aikata laifin ne lokacin da hukuncinsa ba kisa ba ne.

Sai dai inda muka fi nisa da Beccaria wuri ne da ba a cika kallo ba. Ya ce tsare mutum kafin shari'a hukunci ne da ake yi wa wanda ba a tabbatar wa laifi ba, don haka ya zama gajere iyakar iyawa. John Howard ya ga haka da idonsa a 1773, da aka ba shi kula da kurkukun Bedford a Ingila. Ya tarar da mutanen da kotu ta wanke an mayar da su ciki, domin yari ba shi da albashi, da kuɗin da fursuna ke biya kafin a sake shi yake rayuwa. Ya zagaya ƙasar yana auna ɗakuna, yana duba abinci da ruwa, a 1774 majalisa ta soke wa waɗanda aka wanke wannan kuɗi. A gidajen gyaran hali na Najeriya yau, kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Hanyar shigarsu ɗaya ce. 'Yan sanda su kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron ƙarar. Majistare ya ce a ajiye shi a gidan yari, a tura fayil ma'aikatar shari'a don daraktan gabatar da ƙararraki ya ba da shawara. A nan sarƙar ke tsinkewa. Wani lokaci ba a kwafi fayil ɗin an tura ba don babu kuɗin kwafi. Wani lokaci an canza wa ɗan sandan da ya yi bincike wurin aiki, babu wanda ya gaje shi. Wani lokaci shawarar ta fito cewa babu tuhuma, amma takardar ba ta isa kotu ba. Ranar zama ta zo babu mota ko babu mai. Mai shaida ya zo sau uku da kuɗin motarsa, ana ɗage zama, a na huɗu ya zauna gida. Daga nan mai laifin gaske ya fita don babu shaida, marar laifi kuma ya shafe shekaru a ɗaki ɗaya da ƙwararrun 'yan fashi.

Dokar da za ta toshe wannan tana nan a rubuce. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ƙayyade umarnin ajiya ga kwana 14, a sabunta da hujja, in wa'adin ƙarshe ya cika babu gamsasshen dalili a saki mutum. Sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli inda ya dace. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi aikin al'umma da sa ido a waje ga ƙananan laifuka. Abin da ya rage kuɗi ne da bibiya: a ware wa shaidu kuɗin mota a biya su a ranar, a sa wa kowane fayil lamba ɗaya da za ta bi shi daga caji ofis zuwa ma'aikatar shari'a zuwa kotu, a naɗi bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo gaban lauyansa, a ƙara lauyoyin gwamnati masu ba da shawara a kuma yanka musu wa'adi. Kowane gidan yari yana iya fitar da jerin waɗanda ke jiran shari'a da ranar da aka kawo kowannensu cikin mako guda, babban jojin jiha kuma yana da ikon sakin waɗanda zamansu ya riga ya wuce iyakar ɗaurin da za a yi musu ko da an same su da laifin.